Daga tutar Shehu zuwa kore-fari-kore: amsa ga wani hedimasta a ƙasar Ringim

Tambaya: Wani hedimasta da ke riƙe da makarantar firamare a wani ƙauye ta wajen Ringim ya aiko yana neman bayani. Ya ce ɗalibansa sun tambaye shi asalin tutar Najeriya, kuma magana ta rabu biyu a garin. Wani dattijo ya ce ai tutar Shehu Usmanu ce Sardauna ya sa aka ɗauka don launin korenta. Wani matashi kuma ya nuna masa hoton tsohuwar tutar zamanin Turawa a waya, mai tauraro mai tsini shida, ya ce alamar Yahudawa ce aka liƙa wa ƙasar tun farko. Yana son sanin gaskiya kafin ya tsaya gaban yara.

Amsa: Allah ya gafarta Malam, na gode da ka tsaya ka tambaya kafin ka koyar. Maganganun nan biyu duk ba daidai ba ne, amma kowace akwai inda ta samo tushe, don haka kada ka yi wa dattijon nan ko yaron nan kallon masu ƙirƙira. Bari mu ɗauko abin daga inda ya faro a wajenmu, domin mutanen ƙasar nan sun san tuta tun kafin Bature ya san hanyar Kano.

Bayan hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu a 1804 da yaƙin Tafkin Kwatto a wannan shekarar, malamai daga sassa daban-daban suka riƙa zuwa suna yin mubaya'a, Shehu yana ba su tuta su koma ƙasashensu. Malam Musa ya karɓa zuwa Zazzau, Ummarun Dallaje zuwa Katsina, Yakubu zuwa Bauci, Buba Yero zuwa Gwambe, Modibbo Adama zuwa ƙasar da yanzu take ɗauke da sunansa, Malam Zaki zuwa Katagum. A nan kusa da mu akwai gidan Sambo a Haɗeja da Ɗantunku a Kazaure. Abin da nake so ka fahimtar da yara shi ne, wannan tuta ba ado ba ce, izini ce. Wanda ya karɓe ta ya zama wakilin Shehu kai tsaye, Sakkwato yake bi, babu wani sarki tsakaninsa da Sarkin Musulmi. Labarin Kazaure ya isa misali. Da Ibrahim Dabo ya hau gadon sarautar Kano a 1819, Ɗantunku ya ƙi bin sa, aka yi ta gwabzawa, har daga ƙarshe Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama ya tabbatar wa Kazaure cin gashin kanta. Ƙaramar ƙasa ce a gefen babbar Kano, amma ta tsaya da ƙafarta saboda tana da hujjar tuta. A Kano kuwa har gobe cikin masu zaɓen sarki huɗu akwai Sarkin Dawaki Mai Tuta, tare da Madaki da Makama da Sarkin Bai. Sunan sarautar kaɗai ya gaya maka irin matsayin da aka ba gidan da ke riƙe da tutar jihadi.

Sai dai ka lura da abu ɗaya, tunda a Jigawa kake. Gumel ba ta cikin masu tutar Shehu. Sarautarta ta Mangawa ce, kuma Barno take bi. Ke nan ko a cikin masarautu biyar na jiharku, wato Haɗeja da Kazaure da Gumel da Dutse da Ringim, ba tuta ɗaya kakanninsu suka tsaya ƙarƙashinta ba. Dutse da Ringim ma a lokacin cikin ƙasar Kano suke. Riƙe wannan a ranka, zai yi mana amfani in mun zo kan 1960.

Turawa sun shigo da tasu tutar ta hanyar ciniki. Kamfanin Royal Niger na George Goldie, wanda gwamnatin Ingila ta ba takardar izini a 1886, ya kafa tutarsa a bakin Kwara da Binuwai. Tutar kamfanin farar ƙasa gare ta, da tutar Ingila a kusurwa, da wani zane mai rassa uku da ke nuna haɗuwar kogunan biyu. Irin wannan zanen ne farin layin nan mai reshe da kake gani a kan baƙar garkuwa cikin tambarin Najeriya na yau, tsakanin fararen dawakai biyu, ƙarƙashin jar mikiya. Ranar 1 ga Janairu 1900 aka sauke tutar kamfani a Lakwaja, Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila, ya shelanta cewa Arewa ta shiga hannunsu, alhali a ranar ko Zariya ba su taka da sunan mulki ba. Sai da aka zubar da jini kafin maganar ta zama gaskiya. Kano ta faɗi a farkon Fabrairu 1903 Sarki Alu yana Sakkwato, Waziri Ahmadu ya yi shahada a Kwatarkwashi, Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, sannan aka cim ma Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ranar 27 ga Yuli. A Giginya, inda aka yi yaƙin Sakkwato, da Burmi duka, labarin da su kansu Turawan suka rubuta ya nuna mutane sun yi ta faɗuwa a gindin tutar Sarkin Musulmi, ba su gudu sun bar ta ba. Turawa suka tafi da ita, sai a 1960 aka mayar wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Haɗeja kuwa ta ja har Afrilu 1906, ranar da Sarki Muhammadu ya faɗi yana yaƙi, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Ni a ganina duk malamin da zai koya wa ɗan Jigawa tarihin tuta bai ambaci wannan ba, ya bar rabin darasin a gida.

Yanzu mu zo kan tauraron da yaron nan ya nuna maka. Hoton gaskiya ne. Da aka haɗe Kudu da Arewa ranar 1 ga Janairu 1914, aka yi wa sabuwar Najeriya tuta irin wadda Ingila ke yi wa ƙasashen da take mulka: shuɗiyar ƙasa, tutar Ingila a kusurwar sama ta wajen sanda, sannan jan da'ira a ɗaya ɓangaren. Cikin da'irar akwai koren tauraro mai tsini shida, a tsakiyarsa kambin sarautar Ingila da sunan Najeriya. A 1953 an ɗan sauya siffar kambin bayan hawan Sarauniya Elizabeth, amma sauran abin ya zauna haka har 1960.

Daga ina tauraron? Lugga da kansa ya yi bayani daga baya. Ya ce ya ga zanen ne a jikin wani ƙawataccen kofi na tagulla da ya shigo hannunsa bayan an ci Kwantagora da yaƙi a 1901, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, ya ga ya yi masa, ya ɗauka ya mai da shi alama. Wato daga kayan gidan sarkin Musulmi aka kwafo shi. Malamanmu na zaure sun san wannan zane, hatimin Annabi Sulaimanu suke ce masa, yana fitowa a hatimai da layu da adon fata da na ƙarfe daga nan har Magrib, kuma tsofaffin kuɗin Maroko na tagulla suna ɗauke da shi. Gaskiya ne Yahudawa ma suna amfani da shi, suna danganta shi ga Annabi Dawuda, kuma shi ne a tutar Isra'ila. Amma ƙasar Isra'ila a 1948 aka kafa ta, shekara 34 bayan an ɗinka wannan tuta. Abin da ya kamata ya ɓata wa yaron rai a hoton ba tauraron ba ne. Kusurwar sama ya kamata ya kalla, da kambin da ke tsakiya, don su ne ke cewa ƙasar nan ta wani ce.

Kuma ba sai an shiga intanet ba kafin a ga tauraron. Nemi wata tsohuwa a garinku ta buɗe maka adudunta, mai yiwuwa ne ka samu kwabo mai huji ko ɗari (rabin kwabo) ko anini na zamanin Turawa. Juya bayansa za ka ga tauraron nan mai tsini shida ya kewaye hujin. Kakanninmu sun yi shekaru suna sayen goro da gishiri da shi a kasuwannin Ringim da Gujungu da Maigatari. In ka samu ɗaya ka kai aji, ka bar yara su taɓa shi da hannunsu, zai zauna musu fiye da duk abin da za ka rubuta a allo.

Tutar da muke da ita yanzu kuwa gasa aka sa. Da 'yancin kai ya ƙarato, gwamnati ta ba da sanarwa a jaridu cewa duk mai zane ya aiko. Zane fiye da 2,000 suka shigo. Wanda aka zaɓa a 1959 na wani saurayi ne Bayarabe mai shekara 23, Michael Taiwo Akinkunmi, wanda ya tashi a Ibadan, a lokacin yana karatun injiniyan lantarki a kwalejin Norwood da ke Landan. A jarida ya ga sanarwar ya aika. Ladansa fam 100. Ba Sardauna ne ya zana ba, ba Tafawa Ɓalewa ba, ba Zik ko Awolowo ba. Kuma ma'anar da aka ba launukan a bayyane take tun ranar farko: kore na nufin noma da albarkatun ƙasa, fari na nufin zaman lafiya da haɗin kai. Na fahimci abin da ya sa dattijon ya yi wancan zato, tunda kore launi ne da Musulmi ke ƙauna, kuma Sardauna jinin Shehu ne, har ma ranar da Arewa ta samu mulkin kanta a 1959 an ɗora ta a kan 15 ga Maris, ranar da Sakkwato ta faɗi. Mutumin da ya ga wannan zamanin ba laifi ba ne in zuciyarsa ta haɗa abubuwan biyu. Amma tarihi bai haɗa su ba.

Akwai wani abu a zanen Akinkunmi na asali da mutane da yawa ba su sani ba. Ya sa jar rana mai haskoki a kan farin tsakiya. Alƙalan gasar suka cire ta, suka bar kore da fari da kore zalla. Ni dai ina ganin wannan cirewar ita ce hikima mafi girma a duk labarin. Tuna yadda ƙasar take a 1959. Jihohi uku ne, kowace da jam'iyyarta da alamarta. NPC na da fartanya, NEPU ta Malam Aminu Kano na da tauraro, NCNC na da zakara, AG na da bishiyar kwakwa, Arewa kuma na da dagi. Ga Musulmi ga Kirista ga masu addinin gargajiya. Duk alamar da aka ɗora a kan tutar, wata ko gicciye ko tauraro ko dabba ko rana, sai an samu wanda zai ce ta su wane ce. Ga shi na riga na nuna maka ko Gumel da Haɗeja, da suke maƙwabtan juna, ba tuta ɗaya suka gada ba, balle Kano da Kalaba. Da aka bar ta ba alamar kowa, sai ya zama babu wanda zai ce an cuce shi. Dubi abin da ya faru bayan shekara takwas: da Ojukwu ya shelanta ɓallewar Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, tutarsu ja da baƙi da kore ce, da rabin rana mai fitowa a tsakiya. Aka yi wata talatin ana yaƙi har Janairu 1970. Da a ce rana na kan tutar tarayya ita ma, da an sha surutu kan wa ya kwaikwayi wa.

Ba a bi sahun maƙwabta ba ma. Gana da ta riga mu a 1957 ta ɗauki ja da ruwan zinariya da kore irin na Habasha, ta ƙara baƙin tauraro, ƙasashe da dama kuma suka bi wannan hanya. Nijar ta zaɓi tata a 1959: ruwan lemo a sama, fari a tsakiya da da'irar rana, kore a ƙasa, a kwance. Duk wanda ya je cin kasuwar Maigatari ya leƙa bakin iyaka zai ga tutocin biyu kusa da juna, tamu a tsaye launukanta suke, tasu a kwance.

Da tsakar daren da ya wayi 1 ga Oktoba 1960, a filin sukuwa na Legas wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa, aka sauke tutar Ingila aka ɗaga kore-fari-kore. Gimbiya Alexandra ce ta wakilci Sarauniya, Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Firayim Minista.

Wataƙila ka tambaye ni yadda tutar ta sauya daga nan. Amsar ita ce ba ta sauya ba, kuma wannan shi ne abin mamaki. Ƙasar ta zama jamhuriya a 1963. An yi juyin mulki sau da dama. Jihohi sun tashi daga 3 zuwa 4, zuwa 12 a 1967 lokacin da aka yi jihar Kano, zuwa 19 a 1976, zuwa 21 a 1987, zuwa 30 a 1991 lokacin da aka cire Jigawa ranar 27 ga Agusta, zuwa 36 a 1996. An bar tuƙin hagu a 1972, an bar fam da sule aka koma naira da kwabo a 1973. An ƙara wa kirarin da ke ƙarƙashin tambari kalmomi a 1978, a shekarar kuma aka sauya taken ƙasa, sannan aka dawo da tsohon a Mayun 2024. Babban birni ma ya tashi daga Legas ya koma Abuja a Disambar 1991. Soja da farar hula kowa ya taɓa wani abu, amma babu wanda ya taɓa tutar. Da a ce an yi ta da taurari na lissafin jihohi kamar ta Amurka, da yanzu an sake ɗinka ta sau shida.

Ina so in ɗan tsaya kan koren nan, don ɗalibanka 'ya'yan manoma ne kuma maganar tasu ce. Lokacin da aka zana tutar, man fetur jariri ne: a 1956 aka same shi a Oloibiri, a 1958 aka fara fitar da shi. Abin da ke ɗauke da ƙasar shi ne koko daga Yamma, manja da ƙwarar kwakwa daga Gabas, gyaɗa da auduga da fatu daga Arewa. Dalar gyaɗar Kano da ake nunawa a hotuna ba daga cikin birni ta tsiro ba. Daga gonakin Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori aka riƙa kai ta tasha a kan jakuna da raƙuma, jirgin ƙasa na layin Nguru yana kwasa zuwa Kano, daga can zuwa Legas. Kashi biyu cikin uku na tutar ƙasar nan an ba manomi ne. Yau gyaɗar ta ja baya, amma riɗi da zoɓo na Jigawa suna fita har ƙasashen waje, shinkafa da alkama suna fitowa daga fadamar Haɗeja da Auyo, ga dabinon Dutse. Abin da ke min ciwo shi ne yaro ya tashi a ƙauye yana ganin tuta kayan ofis ce, ta gaban motar gwamna da teburin ciyaman, bai san cewa gonar ubansa aka zana a kai ba. Gaya musu wannan ƙarara.

Shi mai zanen bai yi rayuwar manya ba. Ya dawo gida ya yi aikin gwamnati a ma'aikatar gona a Ibadan har ya yi ritaya, ya daɗe ba a waiwaye shi ba. Sai a 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya ba shi lambar girma ta OFR. Ya rasu ranar 29 ga Agusta 2023 yana da shekara 87.

Wataƙila manyan ɗalibanka su tambaye ka abin da suka gani a Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, da wasu matasa suka fito da tutar Rasha a titunan Kano, har aka kama wasu teloli. Kada ka kauce wa tambayar. Yunwar da ta fito da mutane gaskiya ce, kuma ɗan ƙasa na da haƙƙin ya koka. Amma wanda ya san abin da karɓar tuta ke nufi a ƙasar Hausa, ya san me aka yi a Lakwaja a 1900 da abin da ya biyo baya a Burmi da Haɗeja, zai gane cewa ɗaga tutar wata ƙasa magana ce mai nauyi, ko mai ɗagawar bai nufa ba. Yawancin yaran nan ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ba su wannan tarihi. Laifin namu ne mu malamai da iyaye kafin ya zama nasu.

Saura abin da ya shafi makarantarka kai tsaye. Sashe na 24 na tsarin mulkin 1999 ya sa girmama tuta cikin wajiban ɗan ƙasa, kuma akwai dokar tuta da tambari tun 1960 wadda ta hana a ɗaga tuta yagaggiya ko wadda ta lalace. Na san halin makarantun karkara, iskar hunturu da ranar bazara ba sa barin ƙyalle ya yi shekara a kan sanda, kuɗin sabo kuma sau da yawa daga aljihun hedimasta yake fita. Abin da ke tsawaita ranta shi ne a ɗaga da safe lokacin taron ɗalibai, a sauke in an tashi, a naɗe a ajiye a ofis, kada a bar ta tana kwana a waje, kada kuma a bari ta taɓa ƙasa wajen saukewa. In gwamnati ta ba da sanarwar makoki, ana fara kai ta ƙololuwar sanda ne sannan a sauko da ita zuwa rabi.

In za ka ba tela ɗinki, gaya masa tsawonta ninki biyu ne na faɗinta: in faɗin ƙafa uku ne, tsawon ƙafa shida. A raba tsawon gida uku daidai, kowane ƙafa biyu, kore ta wajen sanda, fari a tsakiya, kore a bakin, dukkansu a tsaye. Koren mai duhu-duhu irin na ganyen dawa da damina ta kankama, ba mai haske kamar ɗanyen lemun tsami ba. Kada ya ɗora mata tambari ko rubutu ko sunan makaranta a tsakiya. Wadda kake gani da mikiya da dawakai a kan farin ba ita ce tutar ƙasa ta kowa da kowa ba, kuma ba ita ake ɗagawa a makaranta ba.